Maganin Amodari da Ya Rage Mutuwar Yara

A Kafin Hausa da ƙauyukan ƙasar Haɗejiya ba a yi wa kowa bayanin amodari. Yaro ne za ka gani a aji, ido ya yi ja, kwantsa ta taru, ƙudaje na bin fuskarsa. Ya dawo gida uwa ta share masa da bakin zane, ta juya ta share wa ƙanensa da wannan zanen. Yaron yakan warke. Uwar ce ciwon ke komawa kanta shekara da shekaru, har fatar idonta ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar. Shi ya sa za ka tarar da tsohuwa ba ta rabuwa da matsefata, tana tsige gashin ɗaya bayan ɗaya.

Tun 1998 kamfanin Pfizer ke bayar da maganin azithromycin kyauta domin yaƙar wannan ciwo. Rabonsa ba wuya. Ma'aikaci ya zo da dogon sanda mai zane-zane, ya tsayar da yaro a jikinsa, inda kansa ya kai shi ne adadin da zai sha. Sau ɗaya a shekara, gari guda.

Abin mamakin a Habasha ya fara. Likitocin ido na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suna aikin amodari a yankin Amhara, sai suka ƙirga yaran da suka rasu. A 2009 suka bayyana cewa a ƙauyukan da aka raba maganin, mutuwar 'yan shekara 1 zuwa 9 ta yi kusan rabin ta ƙauyukan da rabon bai kai gare su ba tukuna. Ido suka je dubawa, ba wannan ba.

Masana ba su gaskata nan take ba, kuma da gaskiyarsu, don ƙauyukan ba su da yawa. Sai aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a Malawi da Tanzaniya da Nijar, da yara wajen 190,000 'yan wata 1 zuwa 59. Duk wata shida wasu garuruwa su sha maganin, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki, kuma masu rabon kansu ba su san wanne ne wanne ba. Sakamako ya fito a 2018. Mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari, a Nijar kuwa, inda aka yi aikin a jihar Doso, da kashi 18. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su suka fi amfana. Ba a tabbatar da ainihin dalilin ba, amma maganin yana taɓa ƙwayoyin ciwon haƙarƙari da atini, har da na zazzaɓin cizon sauro, waɗanda su ne ke ɗauke mana yara. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a duba ba da shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A Nijar ɗin an gano ƙwayoyin cuta sun fara jure wa maganin. Saboda haka wannan labari ba izini ba ne na zuwa kyamis a sayo wa yaro azithromycin duk sanda ya yi atishawa. Kuma ƙwaya kaɗai ba ta korar amodari. Gana ta rabu da shi a 2018 ne da tiyata da magani da wanke fuska da gina masai.

Iyaye da malaman firamare da na allo, ku duba fuskar yara da safe, a wanke da ruwa da sabulu. Ran da masu sanda suka shigo unguwa kuma, a fito musu da yaran.