Zubar da ciki: abin da malamai da doka suka ce

Yau kam magana ce mai nauyi, wadda a Shinaka ko Wurno ko Rabah ba a yin ta sai an rage murya.

Mu fara da fiƙihu. Mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar Sakkwato ita ce mafi tsanani a nan. Fitaccen ra'ayinta shi ne, da zarar ciki ya shiga mahaifa ba a taɓa shi, ko da bai kai kwana 40 ba. Wasu malaman Hanafiyya kuwa sun sassauta idan akwai uzuri, matuƙar ba a kai kwana 120 ba, lokacin da hadisi ya nuna ana busa rai. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta cire ciki kafin kwana 120 idan likitoci sun tabbatar jaririn na da mummunar nakasar da ba ta da magani. Bayan wannan wa'adi kuwa, sai dai idan ran uwa na cikin haɗari.

Doka fa? Sashe na 232 na Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai dai in an yi ne don ceton ran mace. Ka ga a wannan gaɓa doka da malamai sun haɗu.

To amma inda gizo ke saƙa shi ne cikin da aka yi ba aure. Ku tuna Safiya Hussaini ta Tungar Tudu. A 2001 kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa, cikin da ta yi shi ne hujja a kanta. Namijin ya musanta, aka sake shi. Sai a Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta wanke ta. Ni dai a ganina, yarinyar da ta san ita kaɗai za ta ɗauki abin kunyar, ba ta tsayawa lissafin kwana 40 ko 120. Kemis take nufa a ɓoye, ko wurin mai jiƙe-jiƙe. Wani lokacin ma uwarta ce ke rakiya, don gudun bakin duniya.

Daga nan sai zubar jini, sai ciki ya ruɓe, kuma daga ƙauyukan Goronyo zuwa babban asibiti a Sakkwato ba nan kusa ba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba: duba macen da jini ya ɓalle mata bayan ɓari ko zubar da ciki ba laifi ba ne a doka, aikin asibiti ne. In kun ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi mai zafi da ciwon mara, a nemi mota a kai ta nan take, tambayoyi su biyo baya.