Sikelin da ke auna abin da ido ba ya gani

Akwai wata na'ura da masana sinadarai ke kira mas sifekturomita. Aikinta auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wato molekul. Takan ɗora wa kowace ƙwaya cajin lantarki, ta cilla ta cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, sai marasa nauyi su ware daga masu nauyi, kamar yadda mai sheƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Wahalar tana wajen ƙwayoyin da suka rungumi juna kawai ba tare da ɗauri mai ƙarfi ba, waɗanda zafi kaɗan ke wargaza su. Auna irin waɗannan ba tare da sun rabu ba shi ne gwanintar, kuma cike take da abubuwan mamaki.

Mu fara da zobe. A 1967 Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya bayyana wasu ƙwayoyi masu siffar zobe da ke cafke ƙarfe a tsakiyarsu. Ɗaya daga cikin danginsu ta fi son fotasiyam a kan sodiyam, domin shi ne daidai da raminta. Nauyin zoben 264, na fotasiyam 39. Idan na'ura ta nuna 303, an san baƙo ya shiga ɗaki. Pedersen bai da digirin digirgir, amma ya ci lambar Nobel a 1987.

John Fenn ne ya buɗe ƙofar auna manyan ƙwayoyi. Ya riƙa fesa ruwan sinadari ta bakin siririyar allura mai ɗauke da dubban bolt na lantarki. Ɗigon ruwan ya yi ta ƙafewa har ƙwayar ta rage ita kaɗai a iska, lafiya lau. Shi da bakinsa ya kira abin sa wa giwaye fukafukai. Lokacin da aikin ya fara ba da 'ya'ya, ya riga ya kai shekarun ritaya a Jami'ar Yale. Nobel ta same shi a 2002 yana da shekara 85.

Wanda suka raba lambar da shi, Koichi Tanaka na kamfanin Shimadzu a Japan, kuskure ne ya kai shi. A 1985 ya zuba giliserin cikin garin kobalt ba da niyya ba, ya ga bai kamata a zubar ba, ya gwada, sai ga shi ya yi aiki wajen auna manyan ƙwayoyi.

A 1991 masu bincike a Jami'ar Cornell suka auna furotin riƙe da maganin FK506, ba su saki juna ba. A 1996 kuwa aka fesa ƙwayar cutar da ke kama ganyen taba ta cikin na'urar, aka tattaro ta a ɗaya gefen, aka shafa wa ganye. Ganyen ya kamu!

Wanda ya fi burge ni shi ne na sarƙa. A 1983 Jean-Pierre Sauvage na Faransa ya sarƙe zobba biyu na sinadari, ɗaya cikin ɗaya, babu abin da ya ɗaure su sai sarƙewar. To, ta yaya za a tabbatar a sarƙe suke, ba manne suke da juna ba, tunda nauyin duka ɗaya ne? Sai a ware ƙwayar cikin na'ura, a yi ta karo da ita da iskar gas. Waɗanda ke manne kawai nan da nan suke rabuwa. Na sarƙe kuwa sai an tsinka zobe ɗaya, kuma da zarar ya tsinke sai ya zame, nauyin ya faɗo kai tsaye zuwa na zobe guda. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Akwai kuma sinadarin serin, wanda in aka fesa shi yake son taruwa takwas-takwas, kuma da yake ƙwayoyinsa iri biyu ne kamar hannun dama da na hagu, ya fi son 'yan'uwansa masu fuskantar hannu ɗaya da shi. Ɗakin binciken Graham Cooks a Jami'ar Purdue na cikin waɗanda suka fara ba da rahotonsa a 2001.

Sai dai a yi hattara. Cikin bututun babu ruwa, kuma rashin ruwan kan ƙarfafa wata rungumar ya raunana wata. Mai bincike na gari ba ya dogara da wannan na'ura ita kaɗai.

Carol Robinson ta bar makaranta tana da shekara 16, ta kama aikin ɗakin gwaji a Pfizer, daga baya ta ajiye bincike shekara 8 don renon 'ya'yanta. Ita ce ta yi fice wajen auna tarin furotin a haɗe, kuma ita ce mace ta farko da ta zama farfesar sinadarai a Cambridge, sannan a Oxford.

A 2013 tawagar Albert Heck a Utrecht ta ƙasar Holan ta auna ɓawon wata ƙwayar bairos ɗungurungum. Nauyinsa ya kai miliyan 18, wato daidai da ƙwayoyin ruwa kusan miliyan ɗaya.