Gadon da ba a raba shi a gaban malam

A zangunanmu, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, akan sami gidan da sankarar nono ta ɗauke kaka, ta kama uwa, sannan ta waiwayi 'ya. Sai a fara raɗe-raɗin sammu, ko a zargi kishiya. Alhali wani lokaci abin a jinin gidan yake.

Jikinmu tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace na ɗauke da dogon rubutu da ake kira DNA, wanda ke faɗa mata aikinta. Rubutun nan yakan tsinke, yakan kuma yi kuskure idan ana kwafarsa. Ɗalibai sun san haka: ka rubuta allo, malam ya duba ya gyara kafin ka haddace ɓata. To, a jiki ma akwai masu gyara. Biyu daga ciki su ne BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995.

Kowa yana da kwafi biyu na kowannensu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji lalatacce guda, da ɗaya kawai yake tafiya. Ran da wannan ma ya lalace a wata ƙwaya, kurakurai sai su taru ba mai dubawa, har ta rikiɗe ta zama sankara. Shi ya sa macen da ta gaji lalataccen BRCA1 haɗarinta kan wuce kashi 50 cikin 100 a tsawon rayuwa, kuma ciwon kan zo da wuri. Amma haɗari ba hukunci ba ne, wasu har su tsufa ba su yi ba.

Wannan gado ba irin na fara'ili ba ne, inda namiji ke da rabon mata biyu. Nan ɗa da 'ya daidai suke: kowane haihuwa, rabi da rabi ne. Uba na iya miƙa wa 'yarsa shi bai sani ba, shi kansa yana cikin haɗarin sankarar mafitsara ta maza. Don haka a daina ɗora wa dangin uwa kaɗai.

Yawancin sankarar nono ba gado ba ce, kashi 5 zuwa 10 ne kawai. Amma idan mata biyu ko uku a dangi sun yi ta, ko ta kama wata kafin shekara 50, ko akwai sankarar ƙwan mahaifa, ko namiji ya yi ta a nono, a gaya wa likita, har da tarihin dangin uba. Wadda ta ji ƙullutu a nono, ko ba ya zafi, kada ta jira. Asibitin gunduma zai iya tura ta Asibitin Koyarwa na Tamale.