Goyon Bayan Ɗan Takara a Zaɓen Fid da Gwani: Misali Daga Amurka

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kafin jam'iyya ta tunkari abokiyar hamayyarta a babban zaɓe, sai ta fara raba gardama a cikin gida, watau ta tsai da mutum guda daga cikin 'ya'yanta masu neman kujerar shugaban ƙasa. Wannan shi ake kira zaɓen fid da gwani. Da yake masu takarar duk 'yan gida ɗaya ne, tambaya biyu sukan taso. Me ke sa mutum ya bi wannan ya bar wancan? Yaushe ne kuma goyon bayan wani babba yake da nauyin da zai juya akalar zaɓe? Wannan maƙala za ta duba waɗannan tambayoyi ta hanyar abin da ya faru a jam'iyyar Dimokurat ta Amurka a shekarar 2020.

Tsarin zaɓen

A dā manyan jam'iyya ne ke da wuƙa da nama wajen tsai da ɗan takara. A taron Shikago na 1968 an tsai da Hubert Humphrey ba tare da ya shiga zaɓen fid da gwani a ko jiha ɗaya ba, abin da ya jawo tarzoma da ɓacin rai. Daga nan aka yi wa ƙa'idojin jam'iyya gyara, ya zamana tun daga 1972 ƙuri'ar 'yan jam'iyya a jihohi ita ke raba wakilan da za su je babban taro.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su a wannan tsari. Na farko, ba a rana ɗaya ake zaɓen ba, jiha-jiha ake bi har tsawon watanni, saboda haka sakamakon jiya yakan shafi ra'ayin masu zaɓen gobe. Na biyu, ana raba wakilai gwargwadon ƙuri'ar da kowa ya samu, amma wanda bai kai kashi 15 cikin 100 ba, ba ya samun kome. Ke nan idan mutum huɗu masu ra'ayi iri ɗaya suka raba ƙuri'a a tsakaninsu, wanda ya riƙe nasa mutane shi kaɗai yana iya wuce su duka.

Aƙida ko nasara

A farkon 2020 'yan jam'iyyar sun kasu gida biyu. Magoya bayan Sanata Bernie Sanders, galibinsu matasa, aƙida suka bi. Suna son gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa, a kuma soke kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati. Ɗaya ɓangaren kuwa abin da ya dame su shi ne wanda zai iya ka da Shugaba Donald Trump a watan Nuwamba, suna kuma tsoron kada manufofin Sanders su kori masu matsakaicin ra'ayi. Sai dai wannan ɓangare ba shi da gwani guda. Ƙuri'arsa ta rabu tsakanin Joe Biden da Pete Buttigieg da Amy Klobuchar da attajiri Michael Bloomberg.

Biden, wanda ya yi wa Barack Obama mataimaki daga 2009 zuwa 2017, ya fara da ƙafar hagu. Ya zo na huɗu a jihar Ayowa, na biyar a Niyu Hamsha, inda Sanders ya ci da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u kawai, sa'an nan na biyu a Nebada, can nesa da Sanders. Kuɗin yaƙin neman zaɓensa suka ja baya, mutane da yawa suka ɗauka tasa ta ƙare.

Maganar Clyburn

Jiha ta huɗu ita ce Karolina ta Kudu, inda baƙaƙen fata suka fi rabin masu zaɓen jam'iyyar. A can akwai James Clyburn, wanda ya shiga Majalisar Wakilai tun 1993, a lokacin kuma shi ne na uku a shugabancin 'yan Dimokurat a wannan majalisa. Ranar 26 ga Fabrairu, saura kwana uku zaɓe, ya fito fili ya ce Biden yake bi. Hujjarsa ita ce mutanensa sun san Biden, shi ma ya san su. Ranar 29 ga wata Biden ya sami kimanin kashi 48 cikin 100, Sanders kuma kimanin kashi 20, ya kuma cinye gundumomin jihar 46 duka. Wannan ce jiha ta farko da ya taɓa ci, ko da yake ya nemi takara a 1988 da 2008. Da aka tambayi masu zaɓe a bakin rumfa, kusan rabinsu sun ce maganar Clyburn tana cikin manyan abubuwan da suka duba.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci. Nasarar ta nuna wa masu matsakaicin ra'ayi inda za su taru. Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, Klobuchar ranar 2, dukkansu suka bi Biden. Ranar 3 ga Maris jihohi 14 suka yi zaɓe tare, Biden ya ci 10, har da Minesota, jihar Klobuchar. Bloomberg, wanda ya kashe kusan dala biliyan ɗaya daga aljihunsa, bai ci jiha ko guda ba, kashegari shi ma ya janye ya bi sahu. Sanders ya ajiye takara ranar 8 ga Afrilu. Sarkin yawa, in ji masu iya magana, ya fi sarkin ƙarfi.

Inda goyon baya bai yi aiki ba

Kada a ɗauka duk babban da ya yi magana sai jama'a su bi. A watan Janairu na 2008 Sanata Edward Kennedy, mai babban suna a jam'iyyar, ya goyi bayan Obama a kan Hillary Clinton. Sanata John Kerry da gwamnan jiharsu ta Masacusat su ma Obama suka bi. Duk da haka, da aka yi zaɓe ranar 5 ga Fabrairu, Clinton ce ta ci jihar da tazara mai yawa. Dalili kuwa shi ne masu zaɓen sun daɗe da sanin Clinton, sun riga sun yanke shawara.

Bambancin da ke tsakanin al'amuran biyu a fili yake. Mutanen Clyburn da ma suna da ƙaunar Biden, abin da suka rasa shi ne tabbacin cewa ƙuri'arsu ba za ta tafi a banza ba. Wannan tabbaci shi ya ba su, a daidai lokacin da suke bukatarsa, kuma daga bakin wanda suka daɗe suna tare da shi.

Ladan goyon baya

Goyon baya irin wannan yana tafe da sharaɗi. Clyburn ne ya matsa wa Biden ya yi alkawari a bainar jama'a cewa zai naɗa baƙar mace a Kotun Ƙoli. An cika alkawarin a 2022, da aka naɗa Ketanji Brown Jackson. Bugu da ƙari, a 2024 jam'iyyar ta sa Karolina ta Kudu a farkon jerin jihohinta, matsayin da Ayowa ta riƙe tun 1972.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mai bin ɗan takara a zaɓen fid da gwani abu biyu yake aunawa: wanda ya fi kusa da aƙidarsa, da wanda yake ganin zai iya cin babban zaɓe. Maganar manya takan yi tasiri ne idan ta taimaka masa wajen wannan awo. A 2020 yawancin 'yan Dimokurat sun fifita na biyu, a watan Nuwamba kuma Biden ya sami ƙuri'un wakilan zaɓe 306, Trump ya sami 232.