Sharuɗɗan Lasisi da Gasa a Kasuwar Tarho ta Nijeriya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna yadda sharuɗɗan lasisi suke buɗe wa gasa ƙofa, ko kuwa su rufe ta, a sha'anin sadarwa. Za mu kafa hujja da abin da ya gudana a Nijeriya.

Zamanin Kamfani Guda

A shekarar 1985 aka kafa NITEL, aka damƙa masa harkar tarho ta gida da ta waje baki ɗaya. Da yake ba shi da abokin hamayya, har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100. Doka mai lamba 75 ta 1992 ce ta kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, aka raba mai sa ido da mai ciniki.

Gwanjon Lasisi

A watan Janairu na 2001 hukumar ta yi gwanjon lasisin tarhon tafi-da-gidanka, kowanne a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. An kuma yi wa masu lasisin alkawarin shekara 5 ba tare da an cika kasuwar da sababbin kamfanoni ba, domin su mai da jarinsu. Layuka sun yawaita, amma mai kira yana biyan kuɗin cikakken minti ko da daƙiƙa goma ya yi magana. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sannan sauran suka bi sahu. Da wa'adin ya cika a 2006 aka fito da lasisi na bai-ɗaya, wanda ya halatta wa kamfani guda ayyuka iri-iri. A 2013 kuma aka ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa lasisi mai tsada tare da kariya yana jawo jari, amma yana jinkirta sauƙin farashi. Saboda haka muna ganin wajibi ne duk kariyar da hukuma za ta ba kamfani ta kasance da wa'adi sananne, kuma a cika shi, domin talaka ne yake biyan kuɗin jinkirin.