Idan Furosesar Sabar Rumbun Bayanai Ta Cika Maƙil, Ina Ake Fara Dubawa?

Ba kullum ne laifin netwok ba. Sau da yawa manhaja za ta tsaya tana ta juyi a waya, ga data ga sabis, amma matsalar tana can kan sabar da ke riƙe da rumbun bayanai, inda aiki ya yi wa furosesa yawa har ta kasa amsa kowa.

A Linux, mai kula da saba yakan fara da umarnin top don ganin wa ke cinye furosesar. Lambar na ruɗar sabon shiga: kowace ƙwaya ana ƙirga mata 100%, saboda haka 300% a inji mai ƙwaya takwas ba abin tashin hankali ba ne. Idan wani baƙon suna ne a sama, to a yi hattara, don masu kutse kan dasa manhajar haƙar kirifto a sabar da aka bari a buɗe.

Idan mysqld ne a sama, sai a shiga MySQL a buga SHOW FULL PROCESSLIST. Zai nuna tambayoyin da ke gudana da daƙiƙun da kowace ta ɗauka. Akwai kuma rajistar tambayoyi masu jinkiri, wadda a kashe take zuwa, kuma ba ta rubuta tambaya sai ta wuce daƙiƙa 10. Wannan ya yi yawa, gara a mayar da long_query_time zuwa 1.

Da an kama tambayar da ake zargi, a sa EXPLAIN a gabanta. Idan aka ga ALL a ƙarƙashin type, ma'ana tana karanta teburin gaba ɗaya. A ɗauka tebur na da ɗalibai 500,000, kuma ba a yi wa lambar jarrabawa fihirisa ba. Duk ɗalibin da ya duba sakamakonsa, sai sabar ta bi layi 500,000 ɗaya bayan ɗaya. A ranar da ba kowa, babu wanda zai lura. Ranar da sakamako ya fito, dubbai suka danna lokaci guda, nan ne asiri ke tonuwa. CREATE INDEX guda kan magance wannan, domin fihirisa na kai sabar kan layin da ake nema cikin 'yan matakai. Sai dai kada a yi wa kowane ginshiƙi, kowace fihirisa na ƙara nauyi wajen shigar da sabbin bayanai. Kuma bincike irin LIKE '%musa%' ba ya cin moriyar fihirisa ta yau da kullum.

Kashe saba a kunna na kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana share jerin tambayoyin da ake buƙatar gani. Sayen babbar saba kuwa kuɗi ne kawai ke tafiya, tambayar na nan yadda take.

Wani lokacin ma rumbun ba shi da laifi. A daren 30 ga Yunin 2012 an ƙara daƙiƙa ɗaya a agogon duniya, wani kuskure a Linux ya sa MySQL da manhajojin Java suka riƙa cinye furosesa a sabobi da dama. Sake saita agogo da umarnin date ne ya kwantar da su.