Lissafi Kafin Rini: Tsarin Kasuwanci ga Masu Sana'ar Hannu

Abin da za mu duba a yau shi ne dalilin da ya sa gwani yakan tsufa cikin sana'arsa, kowa yana yabon hannunsa, amma bai tara kome ba. Za mu kafa misali da masu rini na Kano, musamman na Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwar karofinta da shekarar 1498.

Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Wannan ciniki kuwa bai tsayu a kan gwaninta kaɗai ba. Akwai fatake da dillalai da suka san irin turkuɗin da Buzaye ke so, da lokacin da ayari ke tashi, watau tun ba a tsoma zane a rijiya ba an san mai sayensa. Daga baya abubuwa suka sauya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, sa'an nan atamfa mai araha ta yi ta kwararowa, da farko daga Turai, yanzu kuma galibi daga ƙasar Sin. Hannun marini bai lalace ba, mai sayen da ya saba da shi ne ya ragu.

To, mene ne tsarin kasuwanci a wurin mutum irin wannan? Tushensa shi ne sanin abin da zane guda ya ci kafin a sa masa kuɗi. Marini yakan lissafta baba da toka da kanwa, da farin yadi, da ladan mai ɗauri da na mabugi. Abin da ba safai yake lissaftawa ba shi ne guminsa, da kwanakin da rijiya takan yi tana tsima, kuɗinsa na kwance a cikinta ba ya haifar ko anini. A ganina nan ne babbar ɓaraka take, domin wanda bai yanka wa kansa lada ba, duk abin da ya shigo aljihu sai ya ɗauke shi riba, ya yi cefane da shi, ya kai gudummawar biki, alhali uwar kuɗi yake ci. Ran da za a haɗa sabuwar rijiya sai a nemi bashi wurin dillali, shi kuwa dillali da ya ba da bashi shi zai yanka farashi.

Sai kuma sanin lokaci. Ciniki yakan yi zafi gab da Salla, da damina kuwa shanya takan yi wuya, saboda haka mai tsari yakan tanadi kaya tun kafin su yi tsada, ya kuma ware abin da zai riƙe gida a watannin da kasuwa ta yi sanyi.

Har ila yau, dole ya tsai da shawara a kan wanda yake yi wa aiki. Ba zai iya gasar araha da inji ba. Masu ɗinkin zamani da baƙi 'yan yawon buɗe ido, su ne ke biyan kuɗin rinin baba na ainihi, amma suna bukatar launi iri ɗaya da cika alkawari a ranar da aka ɗiba. Duk wannan yana iya shiga ƙaramin littafi, da boko ko da ajami, kuma irin wannan rubutu ne banki ko ƙungiyar gama kai kan nemi gani kafin su ba da rance.